Kunnen Bakanike da Hukuncin Zato

Ranar Laraba da yamma garejojin Ƙauran Namoda ba sa rabuwa da motocin haya, domin wayewar gari Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi. Direba ya shigo da Golf, ya ja birkin hannu, ya bar ta a kunne, ya fito ya ɗaga bonet. "Maigida, saurara ka jiya." Injin yana silo, ba wanda ya taka totur, amma can ƙarƙashin bugunsa na yau da kullum akwai wata ƙara ta daban, gurza-gurza, kamar tsakuwa ta faɗa injin niƙa. Ba ta hana motar tashi ba. Fitilar gargaɗi ko ɗaya ba ta kama ba. Tambayoyin direba biyu ne, kuma a numfashi ɗaya yake yin su: mene ne, kuma za ta kai?

A wani wuri tambaya ta biyu maganar ɓata lokaci ce kawai. A arewacin Zamfara ta wuce nan. Hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, da wadda ta nufi Zurmi ta ɓulle Jibiya a Jihar Katsina, sun yi shekaru suna fama da 'yan bindiga, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. Motar da ta mutu a tsakiyar daji a irin wannan hanya ta tsayar da mutanen da ke cikinta a inda babu mai son tsayawa. Ƙaura ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, wanda ya iso a 1929, amma an daɗe da daina dogaro da jirgi. Gero da wake da awaki da masu jinya duk a kan taya suke tafiya, kuma yawancin tayoyin na tsofaffin motoci ne. An fara ƙera Golf 3 a Jamus a 1991, wadda ta gaje ta kuwa ta fito a 1997, amma ga Golf 3 nan har yau tana ɗaukar kayan da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba.

Wahalar irin wannan ƙara ita ce ƙarfe yana kai sauti nesa. Abin da ke kuka a gefen dama sai a ji shi a hagu, kuma abubuwan da za su iya yin kukan suna da yawa. Ko da mota tana tsaye, injinta yana juyawa sau 700 zuwa 900 a minti ɗaya, yana jan fanbel, fanbel kuma yana juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari da kwamfiresar AC, da ƙananan fuli masu riƙe bel ɗin kada ya saki. Kowannensu yana da boris a ciki, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu yawo cikin giris. Ƙurar hunturu tana shiga, ruwan damina yana shiga, mai wankin mota yana feshe inji da ruwa mai ƙarfi, wani yaron gareji kuma ya ɗaure bel tamau don kada ya yi ƙugi. A hankali giris ya bushe, ƙwallayen su fara cin mazauninsu. Altaneta ce ta fi shan wuya, domin tana juyawa ninki biyu zuwa uku na gudun injin.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da sifana. Tambaya yake fara yi: yaushe ta soma, da sanyin safiya ta fi ko in ta yi zafi, an ratsa ruwa da ita kwanan nan, wa ya taɓa ta a ƙarshe? Sannan ya ce wa yaronsa ya shiga ya kunna AC ya kashe, in akwai. Ya murza sitiyari har ƙarshe. Ya taka kuloci ya saki, giya tana firi. Idan ƙarar ta ɗauke da zarar an taka kuloci, hankali ya koma kan giyabos. Idan kuwa sai an taka take fitowa, to boris ɗin kuloci ne abin tuhuma. Duk wannan bai ci ko kwabo ba, kuma ya riga ya rage masu laifi.

Daga nan sai ya ɗauko doguwar sukundireba. Ya soke rigarsa cikin wando, domin fanka da bel ba sa barin abin da suka kama. Ya ɗora tsinin a kan jikin altaneta, ya manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnensa, ya runtse ido. Yaran gareji sun san wannan lokaci, har rediyo suke ragewa. Ya ɗage tsinin ya kai kan famfon ruwa, ya sake saurarawa, ya kai kan kusar da ke riƙe fuli. Boris mai lafiya sautinsa sumul yake zuwa ta cikin ƙarfen, wanda ya mutu kuwa har a haƙori ake jin sa. Duk da haka ba ya yanke hukunci. Sai ya kashe mota, ya cire fanbel, ya sake tayar da ita na ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba, saboda a motoci da yawa famfon ruwa ya tsaya ke nan. In ƙarar ta ɓace, mai laifin yana cikin abubuwan da bel ke juyawa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, yana juyawa yana girgizawa, har ya zo kan wanda ke cije-cije ko yake rawa a mazauninsa. A famfon ruwa yana duba ɗan ramin da ke ƙasansa ko akwai sawun ruwa da tsatsa. In kuwa an cire bel ƙarar tana nan daram, sai fuska ta canja, a zaro sandar auna baƙin mai a duba ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, a fara maganar taimin ko cikin inji. Wani lokaci kuma bayan duk wannan sai a tarar ɗan gwangwanin da ke kare zafin salansa ne ya saki, kusa ɗaya ta gama magana.

Tsakanin kusa ɗaya da sauke inji akwai tazarar kuɗin da za ta iya cinye ribar direba ta wata da watanni. Kuma har zuwa lokacin da aka kwance abin aka buɗe, bakanike bai gani da idonsa ba. Da zato yake aiki.

A nan ne maganar ta shiga zauren malamai. Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ana faɗin haka sau da yawa kamar ya shafi kowane irin zato. Ayar Suratul Hujurati da ake jingina maganar gare ta wani sashe na zato ta hana, kuma a kan mutuncin mutane take magana, shi ya sa ta haɗa shi da bin diddigi da giba. Malaman usulul fiƙihu sun yi wa sanin ɗan Adam matakai. Akwai yaƙini, inda babu sauran wata fuska. Akwai zato, inda fuskoki biyu ne amma ɗaya ta rinjayi ɗaya. Akwai shakka, inda suka yi kunnen doki. Akwai wahami, wato riƙo da fuskar da aka rinjaya. Imamul Haramaini al-Juwaini, wanda ya rasu a 1085, ya bambance zato da shakka tun a farkon Waraƙat, ɗan littafin da ɗalibai da yawa ke buɗe karatun usulu da shi. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawan hukunce-hukuncen da Shari'a ta ɗora a kan mataki na biyu. Matafiyin da hadari ya rufe masa rana a daji ba a ce ya bar salla sai ya tabbatar da alƙibla ba, an ce ya duba alamu ya fuskanci inda ya fi rinjaye a ransa. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu biyu, alhali bai halarci abin da ya faru ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ma ya ba mai hukuncin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure lada ɗaya, wanda ya dace kuma biyu.

Amma ladar nan tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake yawan tsallakewa. Sai mutum ya cancanci yin ƙoƙarin, kuma sai ya yi shi har ƙarshe. Wanda ya bi matakan da aka zayyana a sama, ya cire bel ya juya fuli da hannu, sannan ya ce altaneta ce, zatonsa ginanne ne a kan alama. Wanda ya tsaya daga nesa hannu a aljihu ya ce altaneta ce saboda motar jiya ma ita ce, shaci-faɗi ya yi, ko da ya dace. Kalmar da ta fito daga bakinsu iri ɗaya ce, matsayinsu a wurin Allah daban. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, kuma da wuya a sami dalilin da zai hana a auna mai kwance injin mutane da wannan ma'auni.

Likitoci sun bi ta wannan hanya kafin kanikawa. A 1816, a wani asibitin birnin Faris, likita René Laennec ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin wata maras lafiya ya kara kunnensa, ya ji bugun zuciyarta fiye da yadda ya taɓa ji. Daga nan aka sami abin sauraron ƙirji da kowane ma'aikacin lafiya ke ratayawa a wuya yau. Abin da ya mayar da saurarensa ilimi shi ne bai tsaya a ji ba. Idan maras lafiya ya rasu, yakan duba gawar ya gwada abin da kunnensa ya faɗa masa da abin da idonsa ya tarar, har ya tattara sakamakon a littafi a 1819. Haka kunnen bakanike ke samun tarbiyya. Maigidan kirki in ya cire boris sai ya kira yaransa, ya fasa shi a gabansu, ya nuna musu ƙwallayen da suka yi baƙi da ramukan da suka ci, ya ce ga abin da kuka ji ɗazu. Gani ya kori ji. Wanda yake jefa tsohon kaya a buhun 'yan gwangwan ba tare da ya buɗe ba, zai iya shekara ashirin a gareji kunnensa bai ƙaru da komai ba, domin bai taɓa sanin ranar da ya dace da ranar da ya kuskure ba. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983 ana koya wa ɗalibai wannan ƙa'ida da sunan gwaji: a canja abu ɗaya, a bar sauran, a ga abin da ya faru. A ƙarƙashin bishiyar dalbejiya ma ita ake bi, ba tare da an ba ta suna ba.

Rigimar da ta fi yawa a gareji kowa ya san ta. An ce altaneta ce, an aika Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano an kawo 'yar Beljiyam, an ɗaura, an tayar da mota, ƙarar tana nan. Direba ya ce ba zai biya ba. Bakanike ya ce ai ya yi aiki, kuma dama tsohuwar ta kusa mutuwa. Mai kayan gyara ya ce abin da aka ɗaura ba ya dawowa. Jama'a su taru, a yi ta ba da haƙuri, a raba asarar yadda ƙarfin murya ya raba ta.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zurmi da Shinkafi bai bar masu sana'a a baya ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu suka keɓanta da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Wannan ya warware batun motar da ta kwana a gareji aka wayi gari babu batir. Batun kuskuren gano cuta kuwa ya fi komawa ga irin yarjejeniyar da aka ƙulla, kuma a nan ma littafin ya buɗe ƙofa, domin ya halatta a yi sharaɗi da mai magani cewa sai an warke za a biya. Ke nan hanyoyi biyu ne masu tsabta. Ko dai ijara, a biya mutum ladar aikin da ya yi da lokacinsa, a dace ko kada a dace. Ko kuma ji'ala, a yi jinga a kan sakamako: ka kashe mini ƙarar nan, ga abin da zan ba ka, in ba ta mutu ba babu komai. Abin da ke faruwa a garejojinmu shi ne ba a ambaci ko ɗaya ba. Direba yana ɗauka jinga ce a kan sakamako, bakanike yana ɗauka ladar aiki ce, kowa ya riƙe tasa a ciki sai ranar da abu ya ɓaci.

Abin da zai raba gardamar tun kafin ta taso jimla ɗaya ce da ba ta da tsada. "Alhaji, na fi zaton altaneta ce, amma ban tabbatar ba sai na cire bel, in ba ita ba ce, famfon ruwa ne." Wanda ya faɗi haka, direba kuma ya ce a je a sayo, ya sauke nauyi, domin ya miƙa zatonsa a matsayin zato. Wanda ya bugi ƙirji ya ce wallahi ita ce, alhali a ransa rinjaye kawai yake da shi, ya karɓi kuɗin yaƙini a kan hajar da ba yaƙini ba. Wannan algus ne, dangin na mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baza busasshe a sama, wanda hadisin Muslim ya yi tir da shi. Rantsuwar kuma wani nauyi ne na daban a kansa.

Sai dai zalunci ne a jibga wa bakanike laifin duka. Masu motoci ne suka koya masa bugun ƙirji. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma ana ba da labarin a wa'azi don a nuna girmansa. Mutumin da ya yi kabbara da jin wannan labari ranar Juma'a, shi ne ranar Asabar zai ja motarsa ya bar garejin da aka ce masa "ban sani ba tukuna", ya tafi wurin wanda zai faɗa masa sunan cuta kafin a gama ɗaga bonet. Ga kuma al'adar da ta fi wannan illa: ba a biyan kuɗin saurare. Bakanike ya ɓata rabin awa yana bin ƙara, ya gano kusa ce ta saki, ya ɗaure, sai a ce masa "Allah ya saka da alheri" ko a miƙa masa na shan ruwa. In kuwa ya sauke altaneta ya mayar da wata, an ga gumi, an ga baƙin hannu, za a biya. Wanda iyalinsa ke jiran cefane ya fahimci darasin da wuri. Mafi tsadar abin da ke garejin shi ne kunnen maigida, kuma shi kaɗai ne ba a yi wa farashi ba. Mai motar da ya biya kuɗin bincike da daɗin rai ya saya wa kansa gaskiya, kuma sau da yawa ya tsira daga sayen altaneta sukutum, domin mai wayarin zai iya canja boris biyun da ke cikinta a kan kaɗan daga kuɗin sabuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, wannan bambanci ya zama na cin abinci da rashinsa.

Wasu suna ganin kwamfuta za ta kawo ƙarshen zato. Na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta wa motoci mazauninta tun 1996, tana karanta abin da na'urorin lantarkin mota suka rubuta ne kawai. Boris ba ya rubuta komai. Zai iya niƙe kansa ƙurmus allon yana nuna lafiya lau.

Saura tambaya ta biyu, za ta kai? A nan ko zato mai rinjaye babu. Boris mai kuka yakan yi makonni yana tafiya, yakan kuma cije kafin a kai Moriki, kuma babu kunnen da zai faɗi ranar. Bakaniken da ya ce "za ta kai, in sha Allahu" don ya faranta wa direba ya yi magana a kan abin da ba shi da alamarsa, ya kuma fake da sunan Allah. Abin da ya sani, wanda kuma wajibi ne ya faɗa, shi ne abin da zai biyo baya in ta cije: bel ya tsinke ko ya ƙone, batir ya daina caji, in bel ɗin ne ke juya famfon ruwa inji ya yi zafi cikin 'yan mintoci, gasket ya ƙone, motar ta tsaya inda ta ga dama.

Direba yakan amsa da cewa Allah ne mai tsarewa, kuma gaskiya ya faɗa. Malamai sukan tuna masa hadisin Tirmizi na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Amma akwai abin da ya bambanta direban haya da mai raƙumi. Mai raƙumi dukiyarsa ce a kan layi. Direba kuwa zai ɗauki mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wata da goyo, wani da kuɗin da ya sayar da ragonsa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya halarci maganar da aka yi a gareji. Sun biya kuɗin mota a kan kyakkyawan zaton cewa lafiyarta ƙalau. Mutum yana da ikon ya yi tawakkali da ransa yadda ya fahimta, amma bai mallaki na fasinja ba, kuma ɓoye musu aibin da ya sani ya fi ɓoye jiƙaƙƙen hatsi muni nesa ba kusa ba.

Direban ma ba mugu ba ne. Abin da yake tsoro shi ne ya rasa layinsa na ranar kasuwa, ga balas na mai mota yana jira da yamma. Wannan kuwa abu ne da ke hannun shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho a tashoshin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, mutanen da suka san kukan kowace mota a tashar kamar yadda suka san muryar mai ita. Suna iya tsayar da motar da aka ji tana gurza su ba ta baya lodi, su kuma ajiye wa direban layinsa har ya dawo daga gareji, yadda gyara ba zai zame masa asara biyu ba. Canja boris ɗin fuli ko na altaneta, in akwai kayan a gari, aiki ne da ake gamawa tsakanin hantsi da azahar.